Yadda Za Ka Kwashe Kayan Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Idan Allah ya hore maka sabuwar kwamfuta, tsohuwar kuma tana nan maƙare da hotunan suna da na biki da takardun da ka tara tun kana da baƙin gashi, to ka kwantar da hankalinka, ka zo gidan sauƙi. Hanyar da zan koya maka tabbatacciya ce, an gwada ta an ga aikinta. Ka bi ta daki-daki, na ɗaukar maka alkawarin za ka gama aikin nan da girmanka, ba tare da bakinka ya furta "ban iya ba" a gaban ɗan Adam ba. Hanyar Malam Sammani ce na Ƙofar Kaura, tsohon ma'aikacin gwamnati a nan Katsina, kuma da shi za mu riƙa auna kowane mataki.

1. Ka fara da suna, ilimi ya biyo baya in ya ga dama

Kafin ka taɓa ko maɓalli ɗaya, ka tabbatar unguwa ta riga ta sallama maka.

Malam Sammani ya samu nasa sunan tun zamanin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi, aka tura shi wani gajeren kwas. Rabin kwas ɗin ya tafi a koyon kunnawa da kashewa, sauran rabin kuma babu wuta. Duk da haka an ba shi satifiket mai ruwan zinariya a gefe. Ya kai aka sa masa gilashi, ya rataye a falo, inda baƙo zai yi ido huɗu da shi kafin ya ga mai gidan. Tun daga nan duk wanda wayarsa ta ƙi, ƙofarsa yake nufa. Maganinsa ɗaya ne. Ya juya abin, ya hura masa iska, ya ce, "Kashe ta ka kunna." In ta tashi, aikinsa ne. In ba ta tashi ba, jabu aka sayar maka.

Kwamfutar gidansa irin ta da ce, mai ƙaton akwati a ƙarƙashin tebur da allo mai ƙeya kamar tulu. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani kamar injin markaɗe, mutum ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama farkawa ba. Amma tarihin gidan duka yana cikinta. Mafi tsada a ciki ita ce muryar Inna Indo, mahaifiyar matarsa Hajiya Furera. A ciwonta na ajali tsohuwar ta sa aka kawo mata waya ta yi wa jikarta Ramla nasiha da addu'a, ta kuma yi wasiyya kada kowa ya saurara sai ranar bikin yarinyar. Yusuf, babban ɗan gidan, shi ya juye muryar a kwamfuta kafin aiki ya ɗauke shi zuwa Legas. Wayar kuwa daga baya wani mai rabo ya zare ta a kasuwa.

Yanzu ga Ramla ta gama karatun jinya, ga shi an sa ranar bikinta.

2. Ka toshe duk kafar da taimako zai iya shigowa

Taimako kamar ruwan damina ne, ƙaramar kafa yake nema. Ka lura da 'ya'yanka musamman, don su ne suka fi kowa son rage wa uba daraja da sunan tausayi.

Yusuf ya aiko wa mahaifinsa laftof sabuwa dal, siririya kamar faranti. Da yamma ya bugo waya.

"Baba, kada ka wahalar da kanka. In na zo biki zan kwashe maka komai. In kuma kana sauri, ka kunna bidiyo in riƙa nuna maka."

"Kai za ka nuna mani?" in ji Malam Sammani. "Yusufa, ranar da na fara taɓa kwamfuta kana yawo ba wando."

"Ba haka nake nufi ba, Baba. Akwai dai wani abu game da waɗannan alamomin da na jera maka a gaban allo..."

"Layin ba kyau. Ka gaida mutanen gidan."

Ka ga yadda ake yi. Ba zagi, ba faɗa, layi ne ba kyau.

Hajiya Furera tana bakin ƙofa da faranti a hannu, ta ji komai.

"Malam, da dai ka bari yaron ga ya zo. Ni duk abin da ke ciki ya ƙone ban damu ba, ban da muryar Inna."

"Hajiya, kin taɓa ganin na shigo madafa na ce ki ƙara gishiri?"

"Kullum," in ji ta, ta wuce.

Hikima: mace in ta ba ka amsa da kalma ɗaya, ka ɗauka ba ka ji ba. Ya fi arha.

3. Ka kwashe abin da ido ya gani

Ka samo filashi, wato ɗan abin nan mai kamar yatsa da ake sokawa a jikin kwamfuta a zuba masa kaya. Ka soka. Ka sa gilashinka a ƙarshen hanci. In da hali ka bar labule a buɗe, don masu wucewa su ga ana aiki.

A gaban allon tsohuwar akwai 'yan hotuna ƙanana a jere, kowanne da suna a ƙarƙashinsa: Hotunan Gida, Takardun Fili, Aikin Hajji, Muryar Inna. Malam Sammani ya zagaye su duka, ya ja su ya zuba a filashi. Kafin ya kai kofin shayi baki aiki ya ƙare. Shi kansa sai da ya yi mamaki. Kayan shekara da shekaru, a ce sun shige cikin ƙiftawar ido? Amma ya tuna cewa aiki a hannun gwani ba ya daɗewa, sai hankalinsa ya kwanta.

A nan masu hassada za su ce maka kowane ɗan hoton nan yana da wata 'yar kibiya a gindinsa, wai ma'anarta ba kayan ba ne, alama ce kawai mai nuna inda kayan suke can cikin akwati. Wai Yusuf ne ya jera su don tsoho ya daina laluben hanya. Wai kamar allon bakin titi ne da aka rubuta Daura, in ka tumɓuke shi ka kai gida, allo ka kai, Daura tana nan inda take. Kada ka saurare su. Ka zare filashi, ka soka a sabuwa, ka juye. Ga sunaye nan sun jeru reras, har da Muryar Inna. Me kuma ake nema?

4. Kada ka buɗe don dubawa

Dubawa alamar shakka ce, shakka kuwa ba ta kamaci mai satifiket ba. Wanda ya aika ɗansa kasuwa ya bi shi a baya, ai bai yarda da tarbiyyarsa ba.

"Ta shiga?" Hajiya Furera ta tambaya.

"Zo ki gani da idonki." Ya nuna mata sunan da ɗan yatsa.

Ta sunkuya ta karanta, ta daɗe tana kallon kalmomin biyu. Ta kai gefen mayafi ta share ido.

"Kada ka kunna," ta ce a hankali. "Wasiyya ce."

"Ni ma abin da na ce ke nan."

Ka ga ikon Allah. Wani lokaci har wasiyya takan taya gwani aiki.

5. Ka share tsohuwa, ka rabu da ita tun rana ba ta faɗi ba

Kowane namiji yana da abin da ba ya so a gani a kwamfutarsa. Kada ranka ya kai ka nesa, na Malam Sammani ba irin wannan ba ne. Nasa sarauta ce.

Tun da ya yi ritaya ya sa wa ransa cewa wata rana za a waiwayi hidimar da ya yi wa unguwa a naɗa shi wani abu. Har sunan ya zaɓa wa kansa, Sarkin Kimiyya. To, mutum ba ya jiran ranar naɗi kafin ya koyi zama. Duk ranar da Hajiya ta tafi unguwa sai ya kulle falo, ya naɗa zanen gadonta mai furanni a ka, ya zauna gaban 'yar kyamarar da ke kan allo, ya ɗauki kansa yana amsa gaisuwa. Ya ɗaga hannu a hankali. Ya gyaɗa kai. Wani lokaci ya yi wa kansa kirari da siririyar murya, sannan ya amsa da babbar murya, "Mun gode, mun gode. A tashi haka nan."

Don haka ya zagaye 'yan hotunan gaban allon nan duka, har da na kyamara, ya goge su. Allo ya koma fes kamar tafin hannu. Ya yi ajiyar zuciya.

Masu hassadan ɗazu za su sake cewa allunan hanya kawai ya tumɓuke, garuruwan suna nan. Ka riga ka san yadda ake yi da su.

Saura kyauta. Ka zaɓi wanda zai yi ta yi maka godiya a gaban mutane. Malam Sammani ya zaɓi Tanko, ƙanen Hajiya Furera, mai shagon taki da maganin feshi a Batagarawa, mutum mai dariya tun kafin a gama ba da labari. Tanko ya zo da mota ya ɗauka.

"Yaya Malam, halan dai ba ka bar wani sirri a ciki ba?"

"Na wanke ta tas. Ko ƙwararrun Abuja ba su samun komi."

6. In ta ƙi buɗewa, ka nemo mai laifi

Biki ya matso, gida ya cika da 'yan'uwa da ƙamshin turaren wuta. Ana jibi yini, Hajiya Furera ta ce a gwada lasifika, a ji farkon sallamar Inna kawai a kashe, don kada a ji kunya a gaban mutane.

Malam Sammani ya buɗe sabuwar laftof ya danna Muryar Inna. Wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci, yana cewa ba a sami abin da ake nema ba. Ya sake dannawa da ƙarfi. Akwatin ya sake fitowa. Ya danna Hotunan Gida, ya danna Takardun Fili, amsa ɗaya. Ya kashe ta ya kunna. Ya juya ta ya hura mata iska.

Ga jerin waɗanda za ka iya ɗora wa, ka zaɓa gwargwadon hali: masu ɗauke wuta, zafin gari, Yusuf da ya sayo jabu, yaran da suka taɓa, da Turawan da suka ƙera ta don su cuce mu. Malam Sammani ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba.

Hajiya Furera ba ta yi masa gardama ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro. Ta zauna a hannun kujera, ta zuba hannuwa a cinya.

"Malam, mi ya faru da muryar uwata?"

"Tana nan. Sanyi ne ya kama injin."

"Ɗazu ka ce zafi."

Ramla ta leƙo da lalle a hannu, ta dubi uwar, ta dubi uban, ta koma ciki. Hajiya Furera ta miƙe.

"Ban taɓa roƙonka komi a kan na'urorinka ba. Wannan kaɗai na ce. Sau ɗaya ta yi maganar ga, kuma ba ta dawowa ta sake."

Ta fita ta ja labule. A ranar tuwon da aka kawo masa ba wanda ya tsaya ya ga ko ya ci.

7. Ka bi sawun kayanka, amma ka ce iska ka fito sha

Da safe ya saka laftof a jaka, ya tada tsohuwar motarsa ya kama hanyar Batagarawa. A hanya yana ta addu'ar abin da bai taɓa roƙo ba a rayuwarsa, wato Allah ya sa aikin da ya yi bai yi kyau ba.

An karɓi addu'ar, har da ƙari.

Tun daga nesa ya hango taro a ƙofar shagon Tanko: manoma da suka zo sayen taki, 'yan acaba sun jingine babura, mai shayi ya bar tukunyarsa. An fito da allon mai ƙeya an ɗora kan buhuna, ƙaramin janareta yana ta kuka. Yana buɗe ƙofar mota ya ji wata siririyar murya da ya sani tana cewa, "Gaba salamun, baya salamun, Sarkin Kimiyya!" Sai babbar murya ta amsa, "Mun gode, mun gode."

Wani ɗan acaba ne ya fara waigowa. Ya dubi allo, ya dubi mai fitowa daga mota, ya sake duban allo. Sai ya cire hula ya zube a ƙasa.

"Ranka ya daɗe!"

Taron duka ya juyo. Wasu suka durƙusa, wasu suka dunƙule hannu suna jinjina, wani tsoho dariya ta sarƙe shi har sai da aka bubbuga masa baya. Tanko ya fito yana share hawaye.

"Yaya Malam, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen gida? Ya hidimar biki? Ya kuma jama'ar masarauta?"

A nan ne za ka nuna ko kai wane ne. Ƙaramin mutum zai koma mota ya gudu. Malam Sammani ya ji ƙafafunsa suna son yin hakan, amma ya tuna fuskar Hajiya a hannun kujera. Ya ratsa taron, ya ja Tanko gefe.

"Akwai muryar Inna a ciki?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Tanko.

"Tana nan. Na ga sunan, ban taɓa ba. Ai ina wurin ta yi wasiyyar."

Malam Sammani ya dafa buhun taki ya yi hamdala.

8. In an zuba maka ido, ka yi kyautar da ba ka yi niyya ba

Yanzu ga tsohuwa, ga sabuwa a jaka, ga filashi a aljihu. Abin da ya rage a juye na gaskiyar. Sai dai Malam Sammani bai san ta inda ake shiga cikin akwatin a kai ga kayan ba, ga kuma mutum fiye da ashirin sun yi da'ira suna jiran su ga Sarkin Kimiyya a bakin aiki.

"Bismilla, Yaya Malam," in ji Tanko. "A ba sarki wuri!"

Kalma biyu za su fitar da kai a nan, "nuna mani". Kada ka kuskura. Abin da aka gina shekara da shekaru ba a rushe shi a gaban mai shayi.

Malam Sammani ya buɗe laftof, ya ƙura mata ido, ya ƙwanƙwasa bayanta da ɗan yatsa, ya girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ba ya so.

"Abin da nake zargi ke nan. Na zamanin ga ba su da ciki. Ba ta iya ɗaukar kaya masu nauyi. A sa mani tsohuwar a mota."

"To ni fa?" in ji Tanko. "Ka ba ni abu a gaban 'yar'uwata, ka zo ka karɓe a gaban abokan cinikina?"

Malam Sammani ya dubi laftof ɗin da ɗansa ya aiko masa, ko ledar jikinta ba a gama ɓarewa ba. Ya miƙa.

"Riƙe wannan. Ta ishe ka lissafin taki."

Aka yi ta kabbara da jinjina. 'Yan acaba suka yi masa rakiya har bakin titi suna busa ham. Ya kamo hanyar Katsina, allo mai ƙeya a kujerar gaba an ɗaure shi da bel, akwati a baya yana ƙara a kowane rami. Ka lura da kyau, don nan ne asirin darasin yake: duk kayan sun iso gida cif, ba abin da ya ɓace, kuma a mota aka kawo su.

9. Ka tsaya bayan labule ka karɓi sakamako

Ranar yini mata suka cika falo har tsakar gida. Aka kunna tsohuwar ta yi gurnaninta ta gama. Ramla ce ta lalubo muryar da kanta, da hannunta mai lalle, uban kuma ya ce dama abin da zai nuna mata ke nan. Sannan ya fice ya laɓe a soro bayan labule, don akwai surukai a wurin.

Sai ga muryar Inna Indo, a shaƙe, tana numfashi tsakanin kalmomi. Ta yi sallama, falo duka ya amsa mata kamar tana zaune. Hajiya Furera ta rufe fuska da mayafi. Tsohuwar ta yi wa Ramla addu'ar zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ta ce ta riƙe salla, ta riƙe sirrin ɗakinta, kada ta kwana da fushi, kada kuma ta bar aikinta na jinya don wani ya ɗaure fuska. Ta yi tari, aka ji ana ba ta ruwa. Sannan ta ci gaba.

"Abu na ƙarshe, ɗiyata. In ba ki san abu ba, ki tambaya, ba a mutuwa. Kada ki ɗauko halin wani mutum a gidanku. Ba ni faɗin sunanshi, da kunya tsakaninmu. Amma shi ne ya ɗauke mu za ya kai mu suna Daura, ya ƙi tambayar hanya, sai ga mu a Funtuwa ana kiran la'asar. Mutumin kirki ne, ya riƙe mani ɗiya da amana. Kan ne dai kamar dutsen niƙa."

Falo ya fashe. Hajiya Furera tana kuka tana dariya har ta kasa zama, ta jingina da kafaɗar Ramla. Wata tsohuwa ta ce a maido wurin a sake ji, aka maido.

Malam Sammani yana soro shi kaɗai, hula a hannu. Ya goge ido da bakin hannun riga, don rabon da ya ji muryar nan tun kafin tsohuwar ta rasu. Da Yusuf, wanda ya iso da safe, ya zo ya tsaya kusa da shi ya tambaya a hankali ina sabuwar laftof, sai ya gyara tsayuwa ya mayar da hula.

"Tana Batagarawa. Na kai ta gwaji."

Sanarwa

Mai wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ba ruwansa in matarka ta gane zanen gadonta a wayar maƙwabciya, ko yaran unguwa suka fara zubewa in ka fito masallaci, ko ƙanen matarka ya ƙi dawo da abin da aka kai gwaji. Ba ya biyan laftof, ba ya sasanta uba da ɗa, ba ya kuma karɓar ƙorafi daga surukai, rayayyu ko waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wanda duk ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, ya kashe ta ya kunna. In ta ƙi, ya tambayi wani, amma kada ya ce ni na aike shi.